'Yan ƙananan fankshin da AddressSanitizer ke tsaye a kansu

Akwai wani fayil a cikin kod ɗin LLVM, babban aikin da kwamfailan Clang ke cikinsa, a ƙarƙashin compiler-rt/lib/sanitizer_common, sunansa sanitizer_linux.cpp. In ka buɗe shi karon farko ba abin da zai ja hankalinka, 'yan fankshin ne guntu-guntu masu suna internal_mmap, internal_read, internal_write, internal_open, internal__exit, kowanne layi uku ko biyar, an zagaye su da #if da #else har ido ya gaji da bi. Amma ni dai wannan fayil ɗin da 'yan'uwansa na fi so duk mai rubuta C ko C++ ya zauna ya karanta a natse, don a kansu kayan kama kwaron mimori da muke dogaro da su kullum suke tsaye. A Legas ɗin nan ina haɗuwa da matasanmu masu koyon kod, wasu daga Agege wasu daga Idi-Araba suna bin danfo zuwa Yaba kullum, kusan kowa React ne da Flutter da Laravel, kuma madalla da haka don da su ake samun aiki da wuri, amma in ka tambayi mutum me ke faruwa a cikin kwamfuta lokacin da furogiram ɗinsa ya ce a rubuta wani abu a fayil sai ya yi shiru, kuma wallahi abin na damuna don yaran nan suna da kai, ba wanda ya nuna musu ƙofar ne kawai.

Bari in fara da su kayan kansu. AddressSanitizer, wanda kowa ke cewa ASan, injiniyoyin Google ne suka yi shi, Konstantin Serebryany da Derek Bruening da Alexander Potapenko da Dmitry Vyukov, suka gabatar da shi a taron USENIX na 2012, ya shiga LLVM 3.1 daga baya ya shiga GCC 4.8. Kana haɗa kod ɗinka da -fsanitize=address, kwamfaila, mai juya kod ya zama furogiram, sai ya saƙa ɗan bincike kafin kowane karatu da rubutu a mimori, in ka wuce iyakar bafa, wato yankin mimorin da aka ware maka, ko ka taɓa wurin da ka riga ka mayar da free furogiram ya tsaya nan take ya faɗa maka layin da ka yi ɓarnar. Yana rage gudun furogiram kamar ninki 2, wanda in ka taɓa jiran Valgrind, wani kayan mai irin wannan aikin, da ke iya kai ninki 20 ko fiye ka san wannan sauƙi ne babba. Yana da 'yan'uwa, ThreadSanitizer mai kama zaren aiki biyu suna rububin wuri ɗaya ba kulle, MemorySanitizer mai kama karanta mimorin da ba a taɓa zuba komai a ciki ba, LeakSanitizer mai kama mimorin da aka karɓa aka manta ba a mayar ba. Duk suna raba kod ɗaya a ƙasa, shi ne wannan sanitizer_common ɗin.

Dabarar ASan ita ce mimorin inuwa. Kowane bayit 8 na furogiram ɗinka yana da bayit 1 a gefe da ke riƙe da labarinsa, in 0 ne duka takwas ɗin halal ne a taɓa, in 1 zuwa 7 ne to wannan adadin na farko kaɗai aka yarda, sauran lambobin kuma kowacce da ma'anarta, fa jan yanki ne da aka kewaye abin da malloc, fankshin neman mimori, ya ba ka da shi, fd wurin da aka riga aka saki. A Linux na x86_64 lissafin adireshin inuwa shi ne ka tura adireshin dama da bit 3 ka ƙara 0x7fff8000, shi kenan. Ka yi malloc(10) ka rubuta a p[10], rahoton zai nuna maka 00 sannan 02 sannan fa, wato takwas cikakku, biyu na ƙarshe, sai katanga. Ranar da mutum ya iya karanta wannan teburin da kansa ya daina tsoron rahoton ASan.

To ga inda matsalar take. Kafin ASan ya iya sa jan yanki a gefen abin da ka karɓa dole shi ne zai zama malloc ɗinka. Don haka yana kwace malloc da free da calloc da realloc, yana kuma tsayawa a gaban memcpy da strcpy da strlen da read da mmap da pthread_create da wasu ɗaruruwa na libc, laburaren C na yau da kullum, duk kiran da furogiram ɗinka ya yi wajensa yake fara biyowa, ya duba, sannan ya miƙa wa na ainihin. Yanzu ka tambayi kanka, shi ASan ɗin in yana buƙatar mimori don ajiye nasa lissafin wa zai kira? In ya kira malloc kansa ya kira. Shi kuma wannan malloc ɗin yana buƙatar wurin ajiye lissafi, ya sake kiran malloc, haka za a yi ta juyawa har sitak ya cika furogiram ya faɗi tun bai kai main ba. In yana so ya buga rahoto ya kira printf, printf na iya kiran malloc a ciki, yana kuma riƙe kulle a kan stdout, kuma ƙila a daidai cikin printf ɗin ne furogiram ɗinka ya yi ɓarnar da ake son ba da rahotonta, kulle na hannu ba a saki ba, sai komai ya tsaya cak ba rahoto ba komai.

Duk wanda ya san kasuwar Mile 12 ya san yadda ciniki yake, mai mota ya sauke tumatir daga Arewa, mai saye yana gefe, dillali ne a tsakani. libc shi ne dillalin tsakanin furogiram ɗinka da kanel, wato zuciyar tsarin aiki mai riƙe da mimori da fayiloli. Idan aka ɗauko mutum aka ce ya sa ido a kan duk cinikin da ke bi ta hannun dillalin nan, to ranar da shi mai sa idon zai sayi kwandonsa ba zai bi ta hannun dillalin ba, kai tsaye zai je wajen mai kaya, in ba haka ba lissafinsa da wanda yake bincike sun cakuɗe. Su internal_mmap da internal_write su ne wannan zuwa kai tsayen.

Yadda ake zuwan kuma ba wani sihiri ba ne, shi ya sa nake son yara su gani da idonsu. A x86_64 kana sa lambar kiran a rijistar rax, write lamba 1 ce, read 0, open 2, close 3, mmap 9, exit_group 231. Sai ka jera abin da za ka miƙa a rdi, rsi, rdx, r10, r8, r9, ka buga umarnin syscall, furosesa ya tsallaka cikin kanel, ya dawo da amsa a rax. Wanda ya san yadda ake kiran fankshin na yau da kullum zai lura na huɗun ya canza, a can rcx ne a nan r10, dalili kuwa shi umarnin syscall da kansa yana taka rcx ya ajiye adireshin dawowa a ciki, ya taka r11 ya ajiye tutocin furosesa, don haka dole ka faɗa wa kwamfaila cewa waɗannan biyun sun lalace bayan kiran, in ka manta za ka samu kwaron da zai bayyana yau ya ɓace gobe. Duk wannan yana cikin wani ɗan fayil sanitizer_syscall_linux_x86_64.inc, bai kai shafi biyu ba. Akwai irinsa na aarch64, a can lambar a x8 take, abubuwan miƙawa x0 zuwa x5, umarnin kuma svc 0, lambobin ma daban ne gaba ɗaya, write 64, read 63, mmap 222. Wannan ya shafe mu kai tsaye don wayoyin da ake sayarwa a Computer Village da na'urorin POS masu Android da suka cika kowane lungu daga Oshodi zuwa Obalende a kan ARM suke gudu.

Wani abu da libc ke ɓoye maka kuma shi ne kiraye-kirayen ma ba iri ɗaya ne a ko'ina ba. A aarch64 babu kiran open kwata-kwata, openat kaɗai ke akwai, lamba 56, don haka internal_open dole ya kira openat ya ba shi AT_FDCWD. Babu fork ma, sai dai clone da SIGCHLD. A injin bit 32 ana amfani da mmap2 wanda ke ƙirga nisan cikin fayil da shafi-shafi na bayit 4096, ka ga dole a raba kafin a miƙa. A MIPS tsarin stat da kanel ke cikawa ya bambanta da wanda libc ke nunawa, sai an kwafe shi gida-gida. Duk #if ɗin nan da ke gajiyar da ido kowanne akwai injin da ya taɓa ƙin tashi kafin a rubuta shi.

Sai maganar errno, wurin da furogiram ɗin C ke duba lambar kuskure, wadda ita ce ta fi burge ni a duk lamarin. Kanel ɗin Linux bai san wani errno ba. In kira ya gaza lamba mai ragi yake dawowa da ita a rax, tsakanin -4095 da -1, misali -2 in fayil babu shi, -12 in mimori ya ƙare. libc ne ke ɗaukar wannan ya juya shi ya zuba a errno ya dawo maka da -1. Shi errno kuma kowane zaren aiki da nasa, yana zaune a wani wurin ajiya na zaren da sai libc ya gama shirya kansa yake samuwa. Ka ga matsala biyu. Ta farko ASan na tashi da sassafe sosai, kafin main, kafin yawancin laburare su shirya, ta hanyar .preinit_array in an haɗa shi cikin furogiram ɗin, a lokacin bai kamata ya jingina da komai na libc ba. Ta biyu ita ce mai haɗarin gaske, a ce furogiram ɗinka ya kira open ya gaza, errno ya zama 2, kafin ka duba shi ka kira free a kan wani abu, shi kuma ASan a cikin free ɗinsa ya yi wani kiran da ya gaza ta hanyar libc, errno ya canza, kai kuma ka karanta lambar da ba taka ba ka bi hanyar da ba ita ba. Kayan da aka kawo don ya kama kwaro ya haifar da sabo kenan, kuma wanda ba ya nan in an cire kayan. Maganinsu shi ne su internal ɗin ba sa taɓa errno sam, ɗanyar lambar kanel suke dawowa da ita, sai a miƙa ta ga wani ɗan fankshin internal_iserror ya duba ko ta faɗa cikin wancan tsakanin na 4095, in ta faɗa ya ciro lambar kuskuren ya ba ka a hannu. Layi kaɗan ne amma ni ina ganin tarbiyya a ciki, baƙo a gidan mutane ba ya motsa kayansu.

Da yake sun bar libc dole duk ƙananan hidimomin da yake yi su dawo kansu. In sigina ta katse read a tsakiya kanel zai dawo da EINTR, lamba 4, sai an sake kira, akwai HANDLE_EINTR da suka rubuta don wannan. Suna da internal_memcpy da internal_strlen da internal_memset nasu a sanitizer_libc.cpp, madauki ne kawai mai bin bayit-bayit, ba gudu ake nema ba, abin da ake nema kar ya bi ta cikin wanda aka kwace. Suna da Printf nasu mai gane alamomi kaɗan. Suna karanta /proc/self/maps da internal_open da internal_read don su san wace laburare ke zaune a wane adireshi. Har dlsym da suke amfani da shi don nemo malloc na ainihi yana iya neman mimori tun kafin mai rabon mimorin ASan ya gama shiri, sai da aka yi masa wata hanya ta musamman a gefe.

Lokacin faɗuwa ne ake ganin amfanin duk wannan. Furogiram ya taka wurin da bai kamata ba, wataƙila ya riga ya lalata tsarin hif, wurin da malloc ke rabo daga ciki, wataƙila muna cikin mai karɓar sigina ta SIGSEGV inda doka ta hana kiran yawancin libc, kuma a wannan halin ne ake so a buga rahoto mai tsabta da sunan fayil da lambar layi. ASan yana haɗa rubutun a bafarsa, ya tura shi stderr da internal_write, ya tayar da llvm-symbolizer a matsayin wani furoses daban suna magana ta bututu don ya juya adireshi zuwa suna, in ya gama ya fita da internal__exit wanda exit_group ne tsura. Wannan na ƙarshen yana da sakamako da ke rikita mutane da yawa, tunda bai bi ta exit na libc ba to ba a gudanar da atexit, ba a kuma zubar da bafar stdout, don haka in ka tura abin da furogiram ke bugawa cikin fayil za ka ga layukan printf ɗinka na ƙarshe sun ɓace, sai ka ɗauka furogiram bai kai wurin ba alhali ya kai har ya wuce. Ka buga saƙon bincikenka a stderr ko ka kira fflush, ka huta.

Kwanakin baya wani ƙanena a wurin aiki, yaro mai ƙoƙari ɗan Zariya, ya kira ni hankalinsa a tashe, ya ce Yaya zo ka ga, furogiram ɗin nan ya cinye mimori tirabayit 20. Laftof ɗinsa tokunbo ce da ya saya a Ikeja mai RAM gigabayit 8, ya buɗe top ya ga 20T a layin VIRT. Na ce masa kwantar da hankalinka, duba layin RES, ya duba ya ga 'yan megabayit. Na sa ya gudanar da shi a ƙarƙashin strace, kayan da ke nuna duk kiran da furogiram ke yi wa kanel, muka kalli mmap ɗin farko-farko tare. Furogiram a x86_64 yana da filin adireshi na bit 47, tirabayit 128 kenan, kashi ɗaya cikin takwas na wannan shi ne 16, girman yankin inuwa kenan, mai rabon mimori kuma ya kama nasa filin, shi ya kai lissafin wajen 20. Amma adireshi kawai aka kama da MAP_NORESERVE, kanel ba ya ba da shafin gaske sai an taɓa shi, akwai ma wani yanki a tsakiyar inuwar da aka rufe gaba ɗaya don duk wanda ya faɗa ciki ya faɗi nan take. Ya yi shiru yana kallon allon, can ya ce to Yaya ashe mmap ba mimori yake bayarwa ba alkawari yake yi. Na ce yawwa, ka gama fahimtar rabin abin da ake koyarwa a kwas ɗin tsarin aiki. Daga nan ne ma ya gane dalilin da ASan ke ƙin tashi a sabar da aka sa wa ulimit -v, tunda wannan iyakar adireshi take ƙirgawa.

LeakSanitizer ne ya fi kowa shiga zurfi. A ƙarshen furogiram yana so ya duba duk mimorin da aka karɓa ya ga wanne ne babu sauran fointa mai nuna shi, kuma ba zai iya ba alhali sauran zaren aiki suna gudu suna canza abubuwa, wani fointan ma a cikin rijista yake ba a mimori ba. Sai ya yi abin da suka kira StopTheWorld, ya haifi wani ɗan aiki da clone wanda ke raba mimori ɗaya da uwar, ɗan ya kama kowane zare da ptrace ya tsayar da shi ya karanta rijistocinsa, a gama bincike a sake su. Kuma clone ɗin ma ba na glibc ba ne, internal_clone ne da aka rubuta da asambili da hannu ga kowane irin furosesa, sun kuma rubuta dalili a saman fankshin ɗin, na glibc yana rubuta lambar ɗan a cikin bayanan zare, su kuma a nan ɗan da uwar bayanan zare ɗaya suke rabawa, da an yi amfani da shi da ya ɓata na uwar. Irin wannan ne ma da getpid, glibc ya daɗe yana ajiye lambar furoses a gefe don sauri, wanda ya yi clone a bayan idonsa sai ya samu tsohuwar lamba, sai a glibc 2.25 a 2017 aka cire wannan ajiyar. To in ka taɓa ganin LeakSanitizer ya yi ƙorafin ba ya aiki a ƙarƙashin gdb ko strace yanzu ka san dalili, su ma da ptrace suke aiki, kuma zare ɗaya ba ya karɓar masu ptrace biyu. Haka in kwantenar Docker ɗinka an hana ta ptrace. Ka sa ASAN_OPTIONS=detect_leaks=0 lokacin da kake cikin gdb, ka bar binciken yoyo zuwa wani gudun daban.

Akwai ɗaya ɓangaren kuma, ba kiran da kayan ke yi wa kansa ba, kiran da furogiram ɗinka ke yi. MemorySanitizer yana bin kowane bit ya san ko an taɓa zuba masa wani abu. Ka karɓi bafa ka miƙa wa read, kanel ne ya cika ta, shi kuma kanel ba a haɗa shi da binciken ba, MSan bai ga rubutun ba. Shi ya sa yake tsayawa a gaban read na libc, in ya dawo da bayit 100 sai ya wanke alamar bayit 100 ɗin. Amma in kai ma ka tsallake libc ka buga syscall da asambili da kanka, to ka wuce ta bayansa, zai yi ta kawo maka ƙarar ƙarya. Don wannan suka fitar da sanitizer/linux_syscall_hooks.h, a ciki akwai irin su __sanitizer_syscall_pre_read da __sanitizer_syscall_post_read da za ka kira kafin da bayan kiranka don ka sanar da shi abin da ya faru. Mutane ƙalilan ne za su buƙaci wannan, amma masu rubuta abin da ke taɓa kanel kai tsaye su sani yana nan.

Duk wannan tsallake libc ɗin fa a Linux ne yake tafiya lafiya, don Linus Torvalds ya daɗe yana tsaye a kan cewa kanel ba zai karya furogiram ɗin mutane ba, lambar write a x86_64 1 ce jiya, 1 ce yau. Apple ba su yi wannan alkawarin ba, hanyar da suka amince da ita libSystem ce, shi ya sa in ka buɗe sanitizer_mac.cpp za ka ga su internal ɗin ta laburaren tsarin suke bi. Yaren Go ma ya daɗe yana kiran kanel ɗin macOS kai tsaye, daga Go 1.11 ya fara komawa libSystem, ya yi irin haka a OpenBSD daga 1.16 da yake su can sun matsa a kan kiran kanel ya fito daga libc kaɗai. A Windows lambobin kan canza daga fitowa zuwa fitowa. Suna ɗaya internal_mmap, amma cikinsa ya danganta da irin alkawarin da mai tsarin ya ɗauka.

Ko a Linux ɗin ma lambobin kira ne ba sa canzawa, inda kanel ke ajiye abubuwa yana canzawa. A 2024 mutane da yawa masu tsofaffin Clang sun wayi gari ThreadSanitizer yana mutuwa tun farko da ƙorafin ya ga mimori a inda bai zata ba, dalili an ɗaga vm.mmap_rnd_bits zuwa 32 a wasu kanel, watau an faɗaɗa yadda ake warwatsa adireshi don tsaro, laburare suka fara sauka a filin da kayan ya ware wa inuwarsa. Maganin wucin gadi shi ne a mayar da shi 28 da sysctl, na dindindin a sabunta kwamfaila. Na kawo wannan ne don a ga kayan nan a manne suke da kanel, wanda bai san ƙasan ba zai kwana yana zargin kod ɗinsa.

Me ya sa na damu haka? Saboda kuɗin mutane ne ke bi ta kod ɗin da ake rubutawa a garin nan. Mai shayi a Agege da mai sayar da rago a kasuwa duk turansifa suke karɓa yanzu, a ƙarƙashin manhajar mai kyan gani kuma akwai laburaren C masu ɓoye bayanai da masu karanta kati da masu magana da saba. Heartbleed da ya girgiza duniya a Afrilun 2014 karatu ne da ya wuce iyakar bafa a OpenSSL, har kilobayit 64 a kowane kira, irin kwaron da ASan ke kamawa nan take in gwaji ya taka wurin. Microsoft sun faɗa a 2019 cewa kusan kashi 70 cikin 100 na ramukan tsaron da suke toshewa na mimori ne, masu Chromium suka fitar da adadi kusan iri ɗaya a 2020. Google sun buɗe OSS-Fuzz a ƙarshen 2016 suna jefa wa manhajojin buɗaɗɗen kod bayanan hauka dare da rana tare da waɗannan kayan, shi kansa kanel ɗin Linux ya samu nasa KASAN tun fitowa ta 4.0 a 2015. Kayan kyauta ne, suna cikin kwamfailan da ke laftof ɗinka yanzu haka, kuma har yau ina ganin ƙungiyoyi a nan suna tura C ba su taɓa kunna shi ko sau ɗaya ba, wannan kam sakaci ne da amanar mutane.

Gargaɗi ɗaya, kar wani ya ji daɗi ya tura furogiram mai ASan wajen kwastomomi yana ganin ya ƙara tsaro. Don gwaji aka yi shi. Yana karanta ASAN_OPTIONS daga muhalli, a ciki akwai log_path mai cewa a rubuta rahoto a fayil kaza, in furogiram ɗin mai setuid ne, wato mai gudu da ikon mai shi ko wa ya kunna shi, ka ba kowa damar rubutu da ikon root kenan, an nuna wannan a fili tun 2016.

In kana da Linux a gabanka, ko da WSL ne a kan Windows, rubuta layi biyar, malloc(10), rubutu a p[10], free. Haɗa shi da clang -g -fsanitize=address, gudanar da shi ka karanta rahoton har teburin inuwa na ƙasa. Sake gudanar da shi da ASAN_OPTIONS=verbosity=1 zai buga maka iyakokin yankunan inuwa da adireshinsu. Sannan ka sa strace a gaba ka nemi waɗannan adireshin a cikin mmap ɗin da ke zuwa kafin furogiram ɗinka ya yi komai, 0x7fff7000 za ka fara gani, shafi ɗaya ƙasa da 0x7fff8000. Daga nan ka buɗe sanitizer_linux.cpp a GitHub, in data ta yi ƙaranci ba sai ka sauke LLVM duka ba, fayil ɗin kaɗai ya isa, ka nemo internal_mmap ka bi shi har cikin fayil ɗin .inc na irin furosesarka.